Kundin aikin farfaɗo da Peugeot 504 mai gazuwal a Damagaram

4 Nuwamba 2023

Motar da na shigo da ita garejin gidana a wannan mako Peugeot 504 ce doguwa, mai layin kujeru uku, ƙirar Faransa ta 1980, irin wadda aka daɗe ana jigilar fasinja da ita tsakanin Damagaram da Magarya da Matamaye. Ta kawuna ce. Ya ajiye ta shekaru da dama da suka wuce, bayan injinta ya yi mummunan zafi a hanyar Tanut, kuma tun daga lokacin tana cikin tsakar gida a unguwar Birni, rana da ƙura suna cinta. Ya bar mini ita bisa sharaɗi ɗaya, cewa kada a yanka ta a sayar da kayanta ɗaya bayan ɗaya, na kuma amince.

Injin da ke cikinta Indenor XD2 ne, mai silinda huɗu, girmansa cc 2304, ƙarfinsa kusan doki 70. Gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe ce, amma kulas, wato murfin da ke rufe saman silindojin, na alminiyom ne, kuma wannan bambanci na ƙarfe biyu shi ne tushen yawancin matsalolin da ake samu da irin wannan inji a ƙasa mai zafi kamar tamu. Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, an kuma ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har cikin shekarun 2000, lokacin da Faransa ta daɗe da daina ƙera ta. Amfanin wannan gare ni shi ne kayan jiki, da gilasai, da fitilu, da kayan birki ba su da wuyar samu a yankinmu. Sai dai yawancin motocin Kaduna masu fetur ne, saboda haka duk abin da ya shafi injin gazuwal sai an yi nema sosai.

Na duba jikin motar tun daga gaba har baya. Tsatsa kaɗan ce, a ƙarƙashin wurin zaman batir da gindin ƙofar baya, domin bushewar ƙasarmu tana kiyaye ƙarfe. Abin da rana ta lalata shi ne roba da leda: tayoyi huɗu sun tsattsage, kowane tiyo ya bushe yana karyewa a hannu, robobin gilasai sun zama gari, kujeru sun yayyage. Ɓeraye sun yi gida a bayan allon mita, sun tattauna wayoyi.

Tsarin da na yanke shi ne ba zan kwance komai ba sai na auna shi na san abin da ke damunsa. Zan fara da inji, sannan hanyar ruwan sanyaya, sannan hanyar gazuwal, sannan birki da ƙafafu. Fenti da kujeru su ne na ƙarshe, ko da yake su ne abin da maƙwabta suke fara tambaya.

18 Nuwamba 2023

Kafin a gwada tayar da injin da ya daɗe a kwance, wajibi ne a tabbatar yana juyawa da hannu. Na cire bujin ɗumama guda huɗu, waɗanda ke ɗumama ɗakin ƙonewa kafin a tayar da inji, na zuba gazuwal gauraye da ɗan man inji ta ramukansu, na bar shi ya jiƙa, sannan na sa sifana a kan babban notin gaba na riƙa matsawa a hankali, gaba da baya. Ya motsa, ya kuma yi cikakken zagaye ba tare da ya cije a ko'ina ba, abin da ke nuna fistan ba su manne da bangon silinda ba.

Tsohon man da na juye ya fito da launin toka-toka a ƙasansa, alamar ruwa ya taɓa shiga cikinsa. Na zuba sabon mai mai araha na wucin gadi, na aro batir mai ƙarfi, na kuma aro ma'aunin matsin silinda daga wurin wani dattijon makanike da ke Zango, wanda ya yi rayuwarsa a kan injunan 404 da 504, kuma shi ne zai riƙa duba aikin nan lokaci zuwa lokaci. Injin gazuwal ba ya amfani da tartsatsin wuta. Yana matse iska ne fiye da ninki 20 har ta yi zafin da zai kunna man da aka fesa mata, don haka idan matsin ya ragu babu dabarar da za ta sa ya tashi lafiya. Silinda ta farko ta nuna bar 26, ta huɗu ta nuna 25, amma biyun tsakiya sun tsaya a 16 da 17. Da muka ɗiga mai kaɗan a cikinsu muka sake aunawa, adadin bai canza sosai ba. Da a ce ringi ne suka cinye, man zai toshe giɓin na ɗan lokaci matsin ya hau. Tunda bai hau ba, kuma silindoji biyu maƙwabtan juna ne suka faɗi tare, matsalar tana sama, ko dai a juwan kulas, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kulas da gangar inji, ko a kulas ɗin kansa.

Dattijon ya dubi ma'aunin ya ce da ni, “Malam, gindin injin nan lafiyarsa ƙalau, kada ka bari kowa ya ce maka a sauke shi.” Na ji daɗin wannan magana, domin a garuruwanmu da zarar an ga inji yana hayaƙi sai a ce a sauke a canza ringi, mai mota ya kashe kuɗi masu yawa a kan abin da ba shi ne ciwon ba.

9 Disamba 2023

Mun cire kulas. An kwance notocinsa kaɗan-kaɗan, daga gefe zuwa tsakiya, inji yana da sanyi, domin alminiyom yana lanƙwashewa idan aka saki gefe ɗaya gaba ɗaya aka bar ɗayan a ɗaure. Abin da muka tarar ya tabbatar da awon da aka yi: juwan ya ƙone tsakanin silinda ta biyu da ta uku, kuma da aka wanke kulas aka shafa masa kananzir aka goge, sai ga siririn tsagu ya bayyana tsakanin mazaunin bawul biyu na silinda ta uku.

Akwai abu na biyu da ya fi tsagun damuna. Wannan inji ba ya fesa gazuwal kai tsaye a kan fistan. A cikin kulas akwai ɗan ɗaki mai siffar ƙwallo ga kowace silinda, ƙirar Ricardo, inda iskar da aka matse take shiga tana juyawa da ƙarfi, a can ake fesa man, a can kuma bujin ɗumama yake. Ƙasan wannan ɗaki wani guntun ƙarfe ne mai jure zafi da aka cusa cikin alminiyom. Biyu daga cikinsu sun saki, suna motsi idan an taɓa su da yatsa, domin zafin da injin ya yi ya buɗa mazauninsu. Kulas mai tsagu ana iya kai shi wurin masu walda, wasu ma suna dacewa, amma kulas mai tsagu da sakakkun ɗakuna kuma lanƙwasasshe, a ganina gyaransa asarar kuɗi ce. Na ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan fuskarsa, haske yana wucewa ta tsakiya. Idan aka ce a kankare shi har ya daidaita, bawul za su matso kusa da fistan, a injin da tazarar da ke tsakaninsu ƴar kaɗan ce tun asali.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me ya sa injin ya yi zafi tun farko, domin idan ban gano wannan ba, sabon kulas ma hanyar tsohon zai bi. Amsar tana cikin hanyoyin ruwa. Ramukan da ruwa ke bi daga gangar inji zuwa kulas sun cushe da farin daskararren abu mai tauri, irin wanda ke taruwa a gindin butar mai shayi, wasu ramukan ma ba a ganin bakinsu. Fuka-fukan famfon ruwa tsatsa ta cinye rabinsu. Lagireto ya yi nauyi fiye da kima, kuma da na zuba ruwa ta sama sai ya riƙa fita ta ƙasa a hankali. Babu tamostat a mazauninsa, wato abin da ke tare ruwa daga zuwa lagireto har sai inji ya yi zafi, an cire shi tun da daɗewa. Murfin lagireto kuwa robarsa ta mutu.

Ban ga laifin direbobin da suka tuƙa ta ba. Kowa ya san wahalar ruwa a Damagaram, garin da ke zaune a kan dutse, wanda ake janyo masa ruwa daga nesa, daga Arunguza da Ganaram. Direban da injinsa ya tafasa a tsakanin Bakin Birji da Tanut ba ya zaɓen ruwa, abin da ya samu a rijiya ko a tafki shi zai zuba. Amma duk lokacin da wannan ruwa ya tafasa ya ƙafe, gishirin da ke cikinsa yana zama a inji, washegari a ƙara wani, har hanyar ta toshe. Injin nan tsufa bai kashe shi ba, ruwan da aka shayar da shi ne ya kashe shi.

Bangon silindojin yana da santsi, babu zurfin gaɓa a samansu, fistan ba sa girgiza. Na shafe su da mai na rufe da tsumma mai tsabta da leda, saboda ƙurar hunturu ta fara sauka.

13 Janairu 2024

Neman kulas ya tsaya. A da, abin da mutum zai yi shi ne ya bi ta Matamaye da Ɗan Barto da Daura ya isa Kano, ya shiga kasuwar Ƙofar Ruwa inda ake sayar da kayan mota na hannu, ya zaɓa da idonsa. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin da ya biyo baya iyaka a rufe take, kayan da ke shigowa ta ɓarauniyar hanya sun yi tsada, kuma ba na son sayen kulas da ban gani ba, domin tsagu ba ya fitowa a hoton waya. Na zagaya garejojin gari, na ga guda biyu, dukansu suna da irin ciwon nawa.

Na mayar da hankali ga abin da za a iya yi a gida. Mai gyaran lagireto ya narkar da dalma ya cire tankunan sama da ƙasa, ya bi bututun ɗaya bayan ɗaya da siririn ƙarfe yana fitar da dattin, ya mayar ya liƙe, sannan muka toshe bakunansa muka hura iska a cikin baho don ganin ko zai yi kumfa. Lagireton asali ne na tagulla, kuma na fi son a gyara shi da a sayi sabo na roba da alminiyom wanda idan ya fashe a daji babu mai iya liƙe shi. Gangar injin kuma na cire matosan gefenta na wanke hanyoyin ruwan da ruwan tsami mai rauni, na ɗauraye sau da yawa har ruwan ya fito garau.

Bujin ɗumama na gwada su kai tsaye a kan batir. Mai lafiya bakinsa yana yin ja cikin ƴan daƙiƙoƙi. Ɗaya ne kawai ya yi. Wannan ya bayyana mini abin da kawu yake faɗa, cewa da sanyin safiya sai an tura motar, ko a jiƙa tsumma da fetur a kara a bakin shaƙar iska. Dabarar tsumman tana tayar da inji, amma fetur yana kamawa kafin lokacin da ya dace, yana dukan fistan da ringi da ɗakunan nan na kulas, kuma ina zaton tana cikin abin da ya sassauta su. Buji huɗu sababbi ba su kai kuɗin juwan ɗaya ba.

10 Fabrairu 2024

Wannan wata na hanyar gazuwal ne. Na sauke tanki, na tarar da jan laka a ƙasansa da ruwa kwance a ƙarƙashin tsohon man, domin ruwa ya fi gazuwal nauyi. An wanke shi da tsakuwa da gazuwal ana girgizawa, aka shanya shi sosai.

Famfon da ke raba man ga silindoji na Roto-Diesel ne, mai juyawa. Abin da ya kamata duk mai irin wannan mota ya sani shi ne famfon ba shi da man shafawa na kansa. Gazuwal ɗin da ke ratsa shi shi ne yake shafa kayan cikinsa, kuma kayan an ƙera su ne da tazarar da ido ba ya gani. Ɗigon ruwa yana sa su tsatsa, ƙwayar rairayi tana karce su. Saboda haka ban buɗe shi a gida ba, inda iska ke ɗauke da ƙura ko da an rufe ƙofa. Na yi alama a jikinsa da mazauninsa kafin in cire, don kada lokacin fesawa ya ɓace, na kai shi wurin mai gyaran famfo da ke da ɗaki rufaffe da injin gwaji. Ya canza robobinsa duka, ya ce zuciyar famfon ba ta lalace ba.

Injektoci huɗun ma, wato masu fesa man a ɗakin ƙonewa, an ɗora su a kan famfon hannu mai ma'auni. Injekta mai lafiya ba ta buɗewa sai matsi ya haura bar 100, kuma idan ta buɗe tana fitar da man kamar hazo, da ƴar ƙara, ta rufe ba tare da ɗiga ba. Biyu suna tsiyaya, ɗaya tana fitar da man a miƙe ta gefe guda. Injekta mai tsiyaya tana ƙona wuri ɗaya a cikin ɗakin ƙonewa, tana kawo baƙin hayaƙi, tana kuma ƙara wa injin zafi. An sa musu sababbin bakuna aka daidaita matsinsu ya zama ɗaya.

Game da man kansa, mu a nan muna da sa'ar da kakanninmu direbobi ba su samu ba. Matatar SORAZ tana arewa da gari a hanyar Tanut, ta fara aiki a ƙarshen 2011, tana tace ganga 20,000 a rana daga ɗanyen man Agadem, don haka gazuwal mai kyau yana kusa da mu. Inda yake gurɓata shi ne a tsofaffin jarkoki da duro da ake buɗewa a bakin hanya. Na yanke shawarar wannan mota ba za ta sha mai ba sai daga gidan mai, na kuma ƙara mata matata ta biyu mai kwalbar gilashi a ƙasa, wadda ruwa ke taruwa a cikinta mutum ya gani ya zubar.

30 Maris 2024

An buɗe iyaka a makon jiya. Na je Kano duk da azumi, na tafi da miƙaƙƙen ƙarfena da tsumma da ƴar kwalbar kananzir. Na samu kulas da aka ciro daga injin da aka shigo da shi daga Turai, hanyoyin ruwansa tas, babu farin daskararren nan ko kaɗan, wanda ya ishe ni shaida cewa ruwan sanyaya na gaske ya sha duk rayuwarsa. Fuskarsa a miƙe take, ɗakunansa huɗu a kafe. Na haɗo da juwan, da famfon ruwa, da tamostat, da murfin lagireto, da kowane tiyo da bel na injin.

27 Afrilu 2024

Aikin haɗawa mun yi shi ne da sassafe, domin zafin Afrilu yana haura digiri 40 tun kafin azahar, kuma garejin rufin kwano ne. An wasa bawul a mazauninsu da man wasa har zoben da ke fuskarsu ya zama toka ba yankewa, an canza robobin wuyansu. Mun auna yadda kan fistan yake ɗan ɗagowa sama da fuskar gangar inji, domin da wannan ake zaɓar kaurin juwan. An wanke ramukan notoci an busar da su, saboda man da ya kwanta a ƙasan rami yana yaudarar sifana, ta nuna an ɗaure alhali ba a ɗaure ba. Ɗaurin kansa an yi shi da sifana mai auna ƙarfi, daga tsakiya ana zagayawa zuwa gefe, mataki-mataki. Na ga ana ɗaure kulas da dogon bututu da ƙarfin damtse, a ce hannu ya san awo, kuma na ga inda irin waɗannan injuna suke ƙarewa.

A kan tamostat ne muka sami saɓani da dattijon. Da ya ga na fito da shi daga kwali sai ya ce, “Wannan na ƙasar sanyi ne, ɗana, mu a nan cire shi muke yi ruwa ya samu hanya.” Na ce, “Baba, ku gafarce ni, amma wannan motar ba ta da shi ranar da ta ƙone.” Hujjarsa ba ta banza ba ce. Tamostat da ya tsufa yana iya maƙalewa a rufe, ya hana ruwa zuwa lagireto, inji ya tafasa cikin ƴan mintoci, kuma wanda ya taɓa ganin haka a tsakiyar daji ba zai sake yarda da shi ba. Amma cire shi ba ya ƙara wa lagireto ƙarfin sanyayawa ko kaɗan. Idan lagireto a toshe yake, inji zai yi zafi da tamostat ko babu. Abin da cirewar take jawowa shi ne a watannin hunturu, lokacin da asubar Damagaram take da sanyi na gaske, inji yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, gazuwal ba ya ƙonewa duka, yana wanke man da ke bangon silinda, yana tara baƙi a ringi. Na tafasa ruwa na jefa tamostat ɗin a gabansa, muka ga ya buɗe kafin ruwan ya tafasa, ya rufe da ya huce. Ya ce in sa, amma in riƙa canza shi kafin ya tsufa, kuma a kan haka muka tsaya.

A kan fanka kuwa ni na bi ra'ayinsa. Fankar 504 ba ta juyawa da ƙarfi kullum. Tana da maganaɗisun lantarki da ke kama ta idan ruwa ya yi zafi, ta hanyar ɗan gawayi da ke gugar zobe, da makunni mai jin zafi. Tsari ne mai kyau, yana rage ƙara da shan mai, amma a cikin ƙurarmu gawayin yana cinyewa, kuma ranar da ya daina aiki babu abin da zai sanar da direba sai allurar zafi. Mun ɗaure ta tana juyawa tare da inji koyaushe. Tamostat zai kula da sanyin safiya, fanka ta kula da zafin rana.

Ruwan da na zuba na kanti ne, koren nan da aka haɗa da maganin tsatsa, kuma zan riƙa ajiye jarka ɗaya a bayan mota don kada wata rana larura ta sa a koma ga ruwan rijiya.

18 Mayu 2024

Injin ya tashi. Kafin haka sai da aka fitar da iska daga hanyar mai: an danna famfon hannu da ke kan matata har kumfa ta daina fita, sannan aka sassauta notocin bututun da ke kan injektoci, aka juya injin da sitata har gazuwal ya fara tsartuwa, aka ɗaure. Na kunna buji na jira, na murɗa makulli. Ya yi tari, ya kama da silinda biyu, sannan sauran suka biyo. Fitilar mai ta mutu nan take.

Na tsaya ina karanta hayaƙin salansa, domin shi ne yake faɗin gaskiyar injin gazuwal. Fari mai warin ɗanyen mai yana nufin man bai ƙone ba, shuɗi yana nufin man inji yana shiga wuta, baƙi kuma mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Da farko fari ya fito, ya ragu yayin da injin ke ɗumi, har ya ɓace. Na buɗe lagireto tun yana da sanyi na duba, babu kumfar da ke nuna iska tana kutsawa daga silinda. Da tamostat ya buɗe, tiyon sama ya yi zafi a hannu, allura ta tsaya a tsakiya ba ta ƙara hawa ba, alhali ana tsakiyar zafin Mayu kuma motar a tsaye take.

Matatar iskar motar irin mai kwanon mai ce a ƙasa, inda iska ke karyo kwana a kan man ta bar ƙurarta a ciki. An ba ni shawarar in musanya ta da ta takarda, na ƙi, domin wannan wankewa kawai take buƙata da ɗan sabon mai, kuma an yi ta ne don hanyoyi irin namu.

8 Yuni 2024

Birki da ƙafafu. Gaba faifai ne, baya ganga. An canza robobin cikinsu da tiyo da man birki gaba ɗaya. Injin gazuwal ba ya samar da zuƙar iskar da ke taimaka wa ƙafar direba kamar na fetur, shi ya sa aka ɗora masa wani ƙaramin famfo da bel ke juyawa don wannan aiki. Fatar cikinsa ta yage, kuma da ba a duba ba, da birkin zai yi tauri ya ƙi kamawa yadda ya kamata. A baya, doguwar 504 tana da sifirin biyu a kowane gefe saboda ɗaukar kaya, dukansu lafiya, shokozoba kawai aka canza, da tayoyi huɗu.

28 Yuli 2024

Bayan an sabunta takardun mota da inshora, na fita da ita zuwa Mirya, kilomita 18 gabas da gari a kan babbar hanyar Diffa, tare da kawu da dattijon. Na cika tanki a sabon farashi, domin a cikin makon nan gwamnati ta sauke litar gazuwal daga sefa 668 zuwa 618. Ban matsa mata ba. Giya huɗun suna shiga ba gardama, kuloci bai zame ba, allurar zafi ta zauna a wurinta a tafiya da dawowa. Kawu ya sa na tsaya a gefen hanya, ya buɗe gaban motar ya daɗe yana sauraro, sannan ya ce ƙarar bawul ɗaya ta fi ta sauran. Gaskiyarsa ne, kuma za a daidaita tazararsu duka a lokacin da za a sake ɗaure kulas, bayan motar ta yi tafiyar kusan kilomita 1000, wanda shi ne kuma lokacin juye man inji na farko.

Tafiyar ta fito da wasu abubuwa. Sitiyari yana da ɗan wasa a tsakiya, akwai ɗigon mai a bayan akwatin giya, altaneta kuma ba ya cajin batir sosai idan an kunna fitilu. Ruwan sama na daren jiya ya shiga ta gilashin baya ya jiƙa kujerar ƙarshe, don haka robobin gilasai sun wuce gaban fenti a jerin aiki, kuma sai an yi su kafin Agusta ta yi nisa. Wayoyin da ɓeraye suka ci an ɗaɗɗaure su ne kawai don gwaji, za a zare su a ja sababbi. Idan an gama waɗannan zan gwada ta a hanyar Tanut da cikakken kaya, da tsakar rana.